Maganin Tari a Bayan Amawali

Shekaranjiya ina zaune kan benci a likitar unguwarmu, na ji ɗaya daga cikinku, ku sababbin da hukumar lafiya ta ɗauka don bin masu tarin fuka har gida, tana ce wa ƴar'uwarta ai aikin nan ba wani abu ba ne, miƙa ƙwaya ne da moɗar ruwa. Na tashi na tafi. Amma da na koma gida maganar ta ƙi barina, shi ya sa na roƙi majo, shugaban likitar, ya haɗa ni da mai alƙalami, ina faɗi yana rubutawa. Ni ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko, in an ce in sa hannu tawada nake dangwalawa. Sunana Rabi. A Arlit, Inna Rabi mai daddawa ake ce mini.

Mutuwar mijina ce ta sa ni aikin nan. Idi birkila ne. Daga wani ƙauye na ƙasar Tahoua muka zo, yana gini a Akokan, nan gefen Arlit, lokacin da gari ke cike da ma'aikatan ramin haƙar ma'adinai. Da tari ya kama shi aka gwada kakinsa a likita, aka ce tarin fuka ne, aka ba shi magani kyauta, aka ce wata shida zai sha ba fashi. Wata biyu da farawa ya ji ƙarfi, yana cin tuwo yana neman ƙari, ya ce shi ya warke, ba zai zauna haɗiyar ƙwaya ba maza na kan bango. A lokacin ba mai bin mutum gida. Tarin ya yi kamar ya tafi, sai ya dawo, kuma da ya dawo maganin bai ƙara kama shi ba. Da bazara ya rasu, kansa a cinyata. Kun gani, har yau in na kawo nan sai na tsaya na share ido. Ba na ɓoyewa, kowa a unguwa ya san ni da haka. Mai rubutu, sa shi yadda na faɗa.

Bayan na fita takaba Majo Sani ya aiko a kira ni. Shi ke riƙe da likitar a wancan lokaci, Badamagare ne, gajere, tabarau kullum a bakin hanci. Ya ce gwamnati ta gane ba da magani kaɗai bai isa ba, sai an sami wanda zai tsaya a kan mai ciwo kowace safiya ya ga ya haɗiye, kuma matan da unguwa ta sani ake nema.

Na ce, "Majo, ni ko baƙi ɗaya ban sani ba."

Ya ce, "Inna, ba karatu nake nema ba. Ido nake nema, da ƙafa. Abin da barin magani ke yi kin gani a ɗakinki. Sauran ni zan koya miki."

Aka tara mu a ofishin lafiya na gari, aka yi mana kwanaki ana bayani. Ranar da ba na mantawa ita ce ranar da suka kai mu ɗakin gwaji, aka ce kowa ya sa ido a madubin da suke duba kaki. Na leƙa, na ga wasu ƴan jajayen sanduna ƙanana a warwatse. Aka ce su ne ƙwayoyin cutar. Na daɗe ina kallo har ta bayana ta taɓa ni. Abin da ya kwantar da ƙato kamar Idi ke nan. Daga nan na yi ta bin Majo Sani gida-gida, yana yi ina gani, har ya ce in je ni kaɗai.

Kayan aikina ba su da yawa. Kowane mai ciwo yana da kwalinsa na magani, an rubuta sunansa, na wata shida cif, ba a taɓa wa wani. Tunda ba na karatu, zare nake ɗaura wa kowane kwali, wannan ja, wannan shuɗi, wannan ja da fari. Akwai ƴan gwangwanayen roba masu murfi na karɓar kaki, da ƙyallen rufe hanci, da butar ruwa, don akwai gidan da za ki je ki tarar famfo bai zo ba, mai ciwo ya ce a bari sai an jima. Ba a barin sai an jima. Sai tiren daddawa. Shi ba ya cikin abin da gwamnati ta ba ni, amma ya fi komai yi mini aiki. Mutane suna gudun gidan da aka san da tarin fuka, a daina cin abinci da su, a daina ɗaukar wuta a murhunsu. In an ga matar likita na shiga gida kullum da safe, kafin azahar unguwa ta ji. Amma mai talla ba wanda ke tambayar abin da ya kai ta. Maganin yana ƙarƙashin ƙyalle, daddawa a sama. Na sayar da daddawa da yawa ban yi niyya ba.

Gidan farko da na shiga ni kaɗai na wani direba ne mai zuwa Agadez. Na ba shi ƙwayoyin, ya watsa a baki, ya kurɓi ruwa, na yi murna na tafi. Washegari matarsa ta ja ni gefe ta nuna mini su a gindin bango, ya tofar. A kumatu ya ajiye su. Da na gaya wa majo ya ce laifin koyarwarsa ne, ya manta ya faɗa mini: in mutum ya sha, ki zauna ki sa shi magana. Ki tambaye shi hanya, ki tambaye shi yara, ki ja shi da hira har ya buɗe baki sosai. Mai ƙwaya a kumatu ba ya iya dogon zance, ɗaci ma ba zai bar shi ba. Kuma a tsakar gida ake zama, ba a ɗaki ba, ki duba inda iska ke kaɗawa ki zauna ta bayanta. Kafin karin kumallo ake sha. Tun ranar farko ki gaya wa mutum fitsarinsa zai yi ja, in ba haka ba zai ga kamar jini ne ya tsorata ya bari. In kuwa farin idonsa ya koma rawaya, ko ya ce ba ya gani sosai, ba naki ba ne, ki kai shi wurin majo a ranar. Ku riƙe wannan, mu ba ma canja magani, ba ma ragewa. Namu mu gani mu faɗa.

Wata na biyu zuwa na uku shi ne wurin faɗa. Mutum ya daina zufar dare, ya yi kumatu, sai ya fara ganin ke ce ciwon. An rufe mini ƙofa, an sako mini kare sau ɗaya. Wata tsohuwa kullum sai ta zage ni tas sannan ta sha, na gane in ba ta zaga ba ba ta jin daɗin haɗiyewa, sai in tsaya ta gama. Yau jikokinta in sun gan ni a hanya su ke karɓar mini kaya.

Shekarar da aka rufe ramin Akokan ita ce mugunyar shekara a aikina. Kullum manyan motoci na fita da katifu da tukwane. Ki je gida da safe da kwalin mutum, ki tarar da kwaɗo a ƙofa. Wanda ya yi sallama, majo ya ba shi takarda da sauran maganinsa, ya buga waya likitar garin da za shi, a Maradi ko Damagaram, su karɓe shi. Amma samari da yawa Tchibarakaten suka nufa haƙar zinariya, ba sallama. Kwalayensu suka taru a kan kanta da zarena a jiki. Wasu sun dawo a bayan mota ba sa iya tsayuwa. A shekarar na yi tunanin ajiye tiren.

A cikin wannan hali aka kawo Agali. Ba'abzine ne makiyayi daga wajen Dannet, dogo, ya manyanta, ya rame har rigarsa na yawo a jikinsa. Aka gwada, tarin fuka ne. Ya sauka a unguwar Bukoki, gidan wani mahauci da ke sayen awakinsa, majo ya ba ni kwalinsa na ɗaura masa baƙin zare.

Ku da kuka tashi a nan kun san Abzinawa da amawali, gefen rawanin nan da ke rufe baki da hanci. Dattijo irin Agali ba ya sauke shi gaban mace baƙuwa, balle wadda ta girme shi. Ko shayi zai sha, ta ƙarƙashi yake shigar da kofi. Ranar farko na miƙa masa ƙwaya huɗu, ya karɓa da ladabi, hannu ya shige ƙarƙashin amawali, moɗa ta bi, na ga maƙogwaro ya motsa. Na ja shi da hira kan raƙuma, murya garau. Na tambayi majo, ya ce a bar shi da mutuncinsa, in aka matsa masa zai koma daji, kuma mutumin da ya taho da ƙafarsa tun daga Dannet neman magani ba zai zubar ba. Ni ma haka na gani. Ban taɓa samun mai ciwo mai sauƙinsa ba. Kullum na iso yana zaune kan tabarma yana jirana.

Da wata biyu ya cika aka ɗora shi a sikeli, aka karɓi kaki. Washegari majo ya kira ni ofis ya rufe ƙofa.

"Inna, mutumin nan bai ƙara nauyi ba, kuma ƙwayar cutar na nan a kakinsa. Kina ganin yana haɗiyewa?"

"Ina ganin hannunsa na shiga, ina ganin wuyansa na motsi."

"Na tambaye shi fitsari, ya ce ja ne. To ko dai ciwon ya fi ƙarfin maganin, ko kuma ba duka ke shiga ba. Zan aika kakinsa Agadez a duba. Amma kafin amsa ta zo sai mun ga bakin nan."

"Ka ce ya buɗe mana, kai namiji ne."

"Ni yaro ne a wurinsa, kuma baƙo. In na ce ya buɗe, na ce masa maƙaryaci ke nan. Gobe ba za mu gan shi ba." Ya cire tabarau yana murza ido. "Da muna da Bazabarme a likitar nan da an huta. Taubasan Abzinawa ne, su ne ke taka su yadda suka so, ba a fushi."

Na ce, "Uwata Bazabarmiya ce, daga ƙasar Dosso aka auro ta."

Ya mayar da tabarau ya dube ni. "Shekara nawa muna aiki ba ki faɗa ba? To me kike jira?"

Abin da nake jira shi ne, tun rasuwar Idi ban yi wasa da kowa ba. Ko a biki gefe nake zama. Wasan taubasai kuwa ba a yin sa da fuskar makoki, in kika zagi mutum ba dariya a idonki, zagi ne kawai. Amma na san in Agali ya ci gaba a haka, hanyar Idi zai bi, kuma a gabana.

Da safe na shiga gidan mahaucin na yi sallama, na ajiye tire. Agali na zaune, matar gidan na tankaɗe a gefe. Na gaishe shi da Zabarmanci.

"Fofo, ɓarawon shanu. Ka kwana lafiya da kayan mutane?"

Ya ɗago kai a hankali. Hausarsa irin ta mutanen daji ce, mace da namiji duk ɗaya yake kira. Ya ce, "Inna, da wa kake?"

"Da kai nake. Uwata Bazabarmiya ce. Shanun kakannina da kakanninka suka kora Abzin, su na zo karɓa yau."

Matar gidan ta tsaya da rariya a hannu.  Sai na ga idanunsa sun ƙanƙance, ta nan ake gane mai amawali yana murmushi.

"Ashe," ya ce. "Shi ya sa tun da kake zuwa nake jin warin ganye. Na ce ko akuya ne ke shigowa."

"Ganyen muke ci muke ƙiba. Kai dubi ƙafarka, kamar sandar kora raƙumi."

"Raƙumin ka taɓa hawa? Bazabarme in ya hau jaki sai ya yi sallama da gida."

"Mu da muke da kogi me za mu yi da raƙumi? Kai rabonka da wanka tun ruwan bara."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ni ma na ji abu ya fito daga ƙirjina, ashe dariya ce. Da ya lafa na miƙa masa ƙwayoyin. Hannu ya shige, moɗa ta bi, wuya ya motsa. Na ce, "To buɗe in gani. Na san halinku, ba na yarda da Buzu ko a kan allura."

Dariyar ta ɗauke daga idonsa. Taubashi ba a yi masa fushi, ba a kuma hana shi abin da ya roƙa, ya san haka, ya kuma san na sani. Ya dubi matar gidan. Ta ɗauki rariyarta ta shige ɗaki. Sannan ya sa yatsa biyu ya ja amawalin ƙasa. Na ga leɓe a bushe, da ɗan gemu mai furfura. A cikin naɗin rawanin, ƙarƙashin haɓarsa, ga ƙwaya biyu.

Na ce, "Agali, na wa ne?"

Ya zaro su ya dube su. Sannan ya ce, "Uwar yara. Shi ma yana tari, har da jini. Biyu ni, biyu shi. Ran kasuwa nake ba mai mota ya kai."

Tun ranar farko haka yake yi. Ba wai bai yarda da maganin ba ne, ya yarda da shi ƙwarai, shi ya sa ya raba. Ya ce a wurinsu in ruwan salka ya rage kaɗan ba wanda ke shanyewa shi kaɗai, haka gero, haka shayi. Yaya zai zauna a gari yana warkewa, matar da ta haifa masa yara na tofar da jini a bukka?

Na ce masa maganin nan ba kamar ruwa ba ne. Rabin ruwa na kashe rabin ƙishi, amma rabin maganin nan ba ya kashe komai, koya wa ciwon yake yadda zai jure. Na ba shi labarin Idi tun daga farko, ina yi ina kuka, bai hana ni ba.

Ya ce, "To in sha duka, in bar shi ya mutu?"

"A'a. Kai ka sha naka duka. Ita ma gwamnati na da kwalinta, cikakke, ba sai an gutsura daga naka ba. Ba a ba ta ba ne don ba a san da ita ba."

Ya ɗauki ƙwayoyin biyu ya haɗiye a gabana, baki buɗe. Ya roƙe ni kada in gaya wa majo, yana tsoron a kore shi. Na ce wannan kam ba zan iya ba, amma tare za mu je, in za a kore shi sai a haɗa da ni.

Majo Sani ya saurara har ƙarshe. Na ga ransa ya ɓaci, ya tashi ya je taga ya dawo. Abin da ya fara tambaya shi ne, "Baba, mutum nawa ke kwana a bukkar?"

Akwai motar likita da ke fita daji lokaci-lokaci, tana bin rijiyoyi ana yi wa yara allurar rigakafi, ana duba masu ciki. Majo ya nemi izini a ofishin lafiya aka karkata hanyarta ta bi ta zangon su Agali. Muka tafi da shi, da majo, da direba, da wata ma'aikaciyar allura mai jin Tamajaq, harshen Abzinawa. Tunda na zo Arlit ban taɓa shiga dajin nan ba sai ranar. Duwatsu baƙaƙe, ƙaya, sai can ka hango awaki.

Matarsa Tekna na kwance a bukkar tabarmi, doguwar mace, ta ƙare sai ido. Ta fito da wata ƴar jakar fata, ga ƙwayoyin a ciki da yawa. Ashe ba kullum take sha ba, sai ranar da zazzaɓi ya yi tsanani, tana tattali. Majo ya saurari ƙirjinta, ya duba yaran, ya ce ba maganar jira, da ita za mu koma. Ma'aikaciyar ta fassara mata. Tekna ta amsa a taƙaice ta juya fuska. Ma'aikaciyar ta mayar mana da Hausa.

"Ta ce a bukkar nan ta haihu, a cikinta za ta mutu. Ba ta kwana ƙarƙashin rufin da ba nata ba."

A wurinsu bukka ta mace ce, da ita take zuwa gidan aure. Agali ya yi magana, ƴan'uwanta maza suka yi, ko motsi ba ta yi ba. Rana na yin sama, ga sauran rijiyoyi na jiran allura. Direba ne, da ke tsaye yana jinmu, ya zagaya bukkar yana taɓa sandunan, ya ce, "Majo, wannan ai tabarmi ne da itace. In an kwance, saman mota zai ɗauka."

Majo ya ce a tambaye ta. Ta juyo ta dubi direban, ta dubi motar, ta ce wani abu.

"Ta ce in ya karya mata sanda ɗaya sai ya biya."

Matan zangon suka kwance bukkar kafin mu gama allura. Aka bar awaki da manyan yara wurin ƴan'uwanta, aka taho da ƙananan biyu. A fili aka kafa ta, bayan gidan mahaucin, majo ya ce ta ma fi ɗakin laka, iska na ratsa ta ko'ina. Gwaji ya nuna Tekna na da ciwon. Aka buɗe mata kwalinta, na ɗaura masa baƙin zare da fari. Yaran ba su kamu ba, aka ba su maganin kariya.

Saura amsar Agadez. In ciwon Agali ya riga ya saba da maganin, to sai wani magani mai tsawo da wahala, a wani gari, kuma mai yiwuwa ita ma haka, tunda ƙwaya ɗaya suka raba. A kwanakin nan abinci bai yi mini daɗi ba. Kullum na dawo daga zagaye sai na leƙa ofis, majo ya girgiza kai. Ranar da amsar ta zo, tun daga bakin ƙofa na ji yana kira, "Inna, maganin na kama shi." Na zauna a ƙasa a wurin na yi hamdala. Aka ce su biyun su fara daga farko, wata shida.

Wata shidan nan su ne mafi daɗi a aikina. Na kan bar bukkarsu ta zama ta ƙarshe a zagaye don in zauna. Agali na hango ni zai ce, "Ga akuya ya iso, ku ɓoye tabarma kada ya cinye." In ce, "Sauke tsumman nan, ɓarawo." Ya sauke, ya sha, ya buɗe baki in duba. Tekna kuwa ta fi ni sa ido, tana ƙirga ƙwayoyinsa da yatsa kafin ta sha nata, in ya yi jinkiri ta yi masa faɗa da Tamajaq. Hausar da ta fara koya ita ce ta zagina. Da ta ji ƙarfi ta koma saƙa, ta koya mini cin cuku da dabino, ni na koya mata miyar daddawa, ta ce wari gare ta, ta kuma cinye. A wata na uku Agali ya fara maganar awaki da damina, na ce ga shi nan, lokacin ya zo. Ban ma buɗe baki ba, Tekna ta ce bukkarta ba ta tashi sai kwali ya ƙare, in yana so ya je ya kwana a gindin ƙaya. Maƙwabtana suka riƙa cewa wai an ji Inna Rabi na dariya a Bukoki. Ban daina kukan Idi ba, ba kuma zan daina ba. Amma tiren da na so ajiyewa, sai da gwiwa ta hana ni tafiya sannan na ajiye shi.

Da kwalayen suka ƙare aka yi gwajin ƙarshe. Majo ya fito da kansa ya ce su biyun ba komai a kakinsu, sun warke. Sikeli ma ya shaida, har direban likita na cewa in shi zai mayar da su sai an ƙara wa taya iska.

Ranar tafiyarsu na je da safe, ba kwali a tirena, daddawa ce kawai na ƙulla wa Tekna. An riga an kwance bukka an ɗaure a kan motar kasuwa. Tekna ta rungume ni ta zage ni da Hausa mai kyau. Na juya wurin Agali da zagina a baki, na shirya shi tun a hanya. Sai na gan shi tsaye cikin sabuwar riga, ya naɗa rawani sosai, amawali har ƙarƙashin ido. Bai ce akuya ba. Ya sunkuyar da kai ya yi mini doguwar gaisuwa irin wadda suke yi wa manya, ya tambayi lafiyata, da gida, da gajiya, da zafi, ɗaya bayan ɗaya, muryarsa ƙasa-ƙasa. Na haɗiye zagina, na gyara mayafi, na amsa masa yadda ya kamata.

Tun ranar ban ƙara ganin bakinsa ba. Yakan shigo Arlit sayar da awaki, mu haɗu a kasuwa mu gaisa, fuskarsa a rufe. Nakan ɗan ja gaisuwar don in saurari ƙirjinsa. Ba ya tari.